Kujerar Majalisar Birni: Mu Ke Zaɓe Ko Guguwa Ke Zaɓar Mana?

Shekaranjiya da daddare a majalisarmu ta ƙofar gida wani abokinmu ya sake ɗauko tsohon kirarin nan da kowa ya haddace, wai siyasar Kano sai Kano, wai mu mutanen cikin ganuwa ba a yi mana dole, duk wanda ya yi mana ba daidai ba da ƙuri'a muke yi masa ritaya. Yana cikin kumfar baki sai wani ya ce masa to malam tsaya, a zaɓen 2019 wa ka dangwala wa a kujerar majalisar jiha ta Birni? Ya yi shiru, ya yi 'yar dariya, can ya ce ai dai na jam'iyyarmu na zaɓa. Sunan mutumin bai zo masa ba sam.

Wallahi abin ya tsaya min a rai, ba don shi kaɗai ba, don na san da za a bi layinmu gida-gida da wannan tambayar da yawa amsar da za su bayar kenan.

Ni ra'ayina a fili yake. Kirarin nan rabinsa ne gaskiya. Eh muna kayar da mutane, tarihi ya nuna, amma a kujerar majalisa ba hukunci muke yankewa ba, guguwa muke bi. Wanda ya yi aiki da wanda ya yi barci a zauren majalisa duk iska ɗaya ce ke kawo su, ita ce kuma ke kwashe su. Kuma muddin haka ne, babu ɗan majalisar da zai ji tsoron mai ƙuri'a, tsoron ubangidansa kawai zai ji.

Mu duba kujerar Birni kanta

Ƙaramar hukumar Birni mazaɓu 13 ne da ita, su Yakasai, Zango, Shahuci, Kankarofi, Jakara, Sheshe, Ɗan'agundi, Sharaɗa, Gandun Albasa, Tudun Wazirci da sauransu. Gidan Sarki a nan yake, asibitin Murtala a nan yake. Kujera ɗaya take da ita cikin kujeru 40 na majalisar dokokin jiha, da kuma ɗaya a majalisar wakilai ta tarayya.

A zangon 2015 zuwa 2019 kujerar jiha tana hannun APC, Baffa Babba Ɗan'agundi ne a kai, har ya zama shugaban masu rinjaye. Shekarar 2015 kuwa kowa ya san shekarar sak ce, Buhari ya kwashi ƙuri'a sama da miliyan 1.9 a Kano kaɗai, lokacin Kwankwaso da Ganduje suna inuwa ɗaya. A 2019 da aka raba gari, jar hula, wato Kwankwasiyya, ta koma PDP, sai kujerar ta bi ta can, Salisu Maje Gwangwazo ya shiga majalisa. A 2023 jar hula ta koma NNPP, kujerar ta sake bin ta. Zaɓe uku, jam'iyya uku, kuma duk inda Kwankwasiyya ta sa gaba a ranar zaɓen gwamna nan kujerar ta nufa.

Wanda ya fi ba ni mamaki ma shi ne 2019 ɗin. Ranar 23 ga Fabrairu, ranar da Buhari ke kan takarda, mutanen Birni suka ba Sha'aban Sharaɗa na APC kujerar tarayya. Sati biyu kacal bayan nan, ranar 9 ga Maris, ranar da Abba Kabir Yusuf, ɗan takarar gwamna na PDP, ke kan takarda, mazaɓun nan guda 13, akwatunan nan dai, mutanen nan dai, suka ba PDP kujerar jiha. Wani zai ce ai wannan shi ne wayewar, mun iya raba ƙafa. Ni kuma na ce a'a, duba da kyau. Ranar farko wa aka fito domin shi? Buhari. Rana ta biyu fa? Gwamna. A kowace rana ɗan majalisa ɗan rakiya ne, wanda ke saman takarda shi ya ja shi.

Idan kuma har yanzu akwai mai musu, to ga abinda ya faru a kujerar sanatan Kano ta Tsakiya a 2023, wadda Birni ke cikinta. Malam Ibrahim Shekarau ya shiga NNPP, aka ba shi takara, sannan a watan Agustan 2022 ya fice ya koma PDP, duniya ta shaida, ya fito yana yi wa Atiku kamfe. Amma sunansa bai fita daga takardun INEC ba. Aka yi zaɓe, jama'a suka dangwala wa kwandon kayan marmari, INEC ta tashi ta ce Shekarau ne ya ci. Mutumin da ba ya jam'iyyar, ba ya neman kujerar! Sai da Kotun Ƙoli ta ce a ba Rufa'i Sani Hanga. Na yarda da yawa sun san Hanga jam'iyya ta tsayar, amma tsakani da Allah mutum nawa ne a layin nan suka damu da ko waye? Da sanda aka tsayar ma ci za ta yi.

"Ai mun kayar da manya"

Wannan ita ce hujjar da aka fi so. An kayar da Kwankwaso a 2003 yana kan kujerar gwamna, Shekarau ya hau. An kayar da ɗan takarar Shekarau, Salihu Sagir Takai, a 2011, Kwankwaso ya dawo. An kayar da Gawuna a 2023 duk da gwamnati na hannunsu. Tun 1993 ma Abiola ya doke Bashir Tofa a jiharsa. Duk gaskiya ne, ba na ja, kuma jihohi kaɗan ne a ƙasar nan za su iya nuna irin wannan.

Amma ku lura duk misalan nan na gwamna ne da shugaban ƙasa. A nan muna auna mutum, muna faɗa a kansa a shayi da mota da rediyo har mu gaji. Da an sauko majalisa sai awon ya tsaya.

Ɗauki marigayi Ghali Umar Na'Abba, Allah ya jiƙansa. Shi ne ya wakilci Birni a majalisar tarayya daga 1999, ya zama kakakin majalisar wakilai bayan Salisu Buhari ya sauka saboda badaƙalar takardun Toronto. Ko ka so shi ko ka ƙi shi, a zamaninsa majalisa ba 'yar amshin shata ba ce, har barazanar tsige Obasanjo suka yi a 2002. To 2003 ta zo da guguwar ANPP da Buhari, ta yi awon gaba da shi. Akwai masu cewa daga sama aka yi masa aiki a cikin jam'iyyarsa, ko ma dai yaya ne ƙuri'ar Birni ba ta tsaya masa ba. Yau kuma idan ana hirar 'yan majalisa masu tsayawa sai ka ji mutanen Birnin nan suna cewa kai ai ba a sake yin kamar Ghali ba. To wa ya kore shi?

"Jam'iyya ake zaɓa, aƙida ce"

Masu wannan magana sukan kawo NEPU da PRP. Suna da ɗan abin kamawa. NEPU a Kano aka kafa ta a 1950, Malam Aminu Kano ya shiga majalisar tarayya a 1959 daga Kano ta Gabas, a 1979 kuma PRP ta share Kano, Abubakar Rimi ya zama gwamna. A wancan lokacin idan mutum ya ce shi ɗan NEPU ne ka san me yake nufi game da haraji da jangali da 'yan doka da kotun alƙali, kuma an daki mutane an ɗaure su a kan haka. Zaɓen alama a irin wannan yanayin yana da ma'ana.

Amma ko PRP ɗin ai ba ta daɗe ba ta tsage gida biyu, Santsi da Taɓo, Rimi ya koma NPP ya yi takara a 1983 Sabo Bakin Zuwo ya kayar da shi. Wato tun a lokacin mutum ya fara rinjayar jam'iyya.

Yanzu kuwa wace aƙida? Kwankwaso ya yi PDP, ya yi APC daga 2013, ya koma PDP a 2018, ya shiga NNPP a 2022. Shekarau ya yi ANPP, APC, PDP, ya dawo APC, ya leƙa NNPP, ya koma PDP. Shi kansa ɗan majalisar Birni da aka zaɓa a PDP a 2019, kafin zangon ya ƙare ya koma APC, wasu 'yan uwansa tara kuma suka koma NNPP a watan Mayun 2022. Kundin tsarin mulki sashe na 109 cewa ya yi wanda ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ya bar kujerar, sai dai in jam'iyyar ce ta rabu, amma kullum sai a nemo wani rikici a ce ai ta rabu, a ci gaba da zama. To idan ka ce jam'iyya ka zaɓa ba mutum ba, ranar da mutumin ya tattara ya bar jam'iyyar da ƙuri'arka a aljihu me ya rage maka?

Abinda muke kira aƙida yanzu biyayya ce ga jagora. Ban ce laifi ba ne mutum ya so jagoransa, akwai waɗanda aka kai 'ya'yansu karatu waje, akwai waɗanda aka yi wa titi a unguwa, dalilinsu ne kuma haƙƙinsu ne. Amma a kira abin da sunansa.

"Ɗan majalisar jiha me yake iya yi?"

Wannan ita ce ta fi ƙona min rai, don mutanen Birni su ne ya kamata su fi kowa sanin amsarta.

A watan Mayun 2019, cikin 'yan kwanaki, majalisar jiha ta yi dokar da ta tsaga masarautar Kano ta fitar da Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, gwamna Ganduje ya sa hannu ranar 8 ga wata. Kotu ta rushe ta a Nuwamba, majalisa ta sake yin wata a Disamba. Ranar 23 ga Mayun 2024 wata majalisar, mai rinjayen NNPP 26 da APC 14 yadda aka fito daga zaɓe, ta soke dokar, gwamna Abba ya sa hannu a ranar, aka dawo da Sarki Sanusi. Ni ba ina nan ne don in ce wannan ce daidai waccan ce kuskure ba, kowa da ɓangarensa kuma an yi ta faɗan har an gaji. Abinda nake nunawa shi ne hannun mutum 40 ɗin nan da muke rainawa shi ya taɓa gidan da ke tsakiyar mazaɓarmu, sau biyu, kowane karo a gurguje, kowane karo kuma daidai da abinda gwamnan lokacin yake so. An kira mutanen Yakasai ko Kankarofi an ji ta bakinsu kafin a kaɗa ƙuri'a a zauren? Kai ma ka san amsa.

Kuma kujerar Birni tana cikin tsakiyar waɗannan abubuwa. A Oktoban 2018 da jaridar Daily Nigerian ta saki bidiyon da ake zargin Ganduje da karɓar daloli, zargin da ya musanta, kwamitin binciken da majalisa ta kafa ɗan majalisar Birni ne ya shugabance shi, har mawallafin jaridar Jaafar Jaafar ya bayyana a gabansu, daga baya kotu ta dakatar da binciken. A Maris ɗin 2020 kuma, ranar 9 ga wata da aka sauke Sarki Sanusi, an yi hatsaniya a zauren majalisa har da kokawar sanda, bayan sati guda aka dakatar da mambobi biyar na wata shida, ɗan majalisar Birni na lokacin yana cikinsu, sai kotun tarayya ce ta ce dakatarwar ba ta kan ƙa'ida.

Ga abin tambaya nan. Waɗannan abubuwa biyu manya ne, ko wanne zai isa a ce an auna mutum da shi, a ce wane ka yi daidai mun ƙara maka, ko wane ka ba mu kunya ka sauka. A zaɓen da ya biyo bayan kowanne, wa ya ji ana wannan lissafin a bakin akwati? Lissafin da ake yi shi ne wace hula ya sa.

Ban da wannan ma, kasafin kuɗin jiha sai sun amince, kwamishina sai sun tantance, bashin da gwamna zai ciyo sai ya bi ta gabansu, su ke da ikon tsige gwamna, kuma gyaran kundin tsarin mulkin ƙasa baya yiwuwa sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun yarda. Idan suna zama kamar ba su da iko, ba don dokar ta hana su ba ne, don sun san wanda ya ba su tikiti ne.

"In aka raba ƙafa gwamna ba zai yi aiki ba"

Wannan hujjar ita ce mai nauyi, kuma ba zan yi kamar ban gan ta ba. Kaduna ta gani. Balarabe Musa ya ci gwamna a PRP a 1979, majalisa kuma NPN ce ke da rinjaye, suka ƙi amince masa da kwamishinoni, ƙarshe suka tsige shi a watan Yunin 1981. Duk wanda ya san wannan labarin in ya ce gara a ba gwamna majalisarsa, ba za ka ce masa mahaukaci ba.

Sai dai ni ban ce a zaɓi ɗan adawa don kawai adawa ba. Mu ma nan Kano mun taɓa yin gwamna daban majalisa daban, Kabiru Gaya ya ci a NRC a 1991 saboda rikicin cikin gidan SDP, majalisa kuma SDP ce, kuma ba a tsige shi ba, soja ne suka kawo ƙarshen jamhuriyar a 1993. Sannan tun 1999 zuwa yau matsalarmu ba majalisar da ta hana gwamna aiki ba ce, majalisar da ba ta iya ce masa a'a ce. Faɗan da muka fi gani a zauren na kujerar kakaki ne, Rurum ya sauka a 2017, Yusuf Ata ya hau, aka tsige Ata a 2018 Rurum ya dawo, Gafasa ya ajiye a ƙarshen 2020. Da irin wannan kuzarin ake bin diddigin kuɗin magudanar ruwa da ba a haka ba.

Kujera ɗaya daga cikin 40 ba za ta durƙusar da gwamnati ba. Amma kujera ɗaya da aka ga mutanen mazaɓa sun riƙe nasu duk da guguwa, ko sun yar da nasu duk da guguwa, ta isa ta sa sauran 39 su fara waiwayen gida.

Inda laifin ba namu ba ne

Gaskiya tsarin ma yana taimaka wa guguwa. Takardar zaɓenmu ba ta da suna ba ta da hoton ɗan takara, tambarin jam'iyya ne kawai. Ana kuma haɗa zaɓen majalisar jiha da na gwamna rana ɗaya, a miƙo maka takarda biyu ga rana ga layi ga 'yan jagaliya suna zagaye, yatsan da ya dangwala ta farko inda ya saba zai koma a ta biyu. Kamar mai sayen tumatir ne a kwando, na sama ya gani ya biya, na ƙasa sai ya je gida.

Kafin ma a zo nan an riga an gama rabin zaɓen a ɗaki. Daliget ko maslaha, duk sunan da aka ba shi, jagora ne ke nuna wanda za a ba tikiti, wani lokacin mutanen mazaɓa a fosta za su fara ganin fuskarsa. Kiranye kuma da doka ta tanada a sashe na 110, sai ka tara sa hannun sama da rabin duk masu rajista a mazaɓar, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. An gwada irinsa a kan Sanata Dino Melaye a Kogi a 2018, a matakin tantancewa abin ya mutu. Don haka kar wanda ya yaudari kansa da cewa in bai yi ba ma dawo da shi gida.

Amma akwai namu kason. Me muke nema wajen ɗan majalisa? Kuɗin asibiti, ragon suna, shinkafar azumi, takardar neman aiki, fom ɗin jarrabawa. Ban raina ba, talauci gaskiya ne, wanda ɗansa ke kwance a asibiti ba zai tsaya tambayar ƙudiri ba. Amma mu da muke da waya a hannu muna rubuce-rubuce a Facebook dare da rana, mu ma abinda muke aunawa kenan, wane yana da kyauta wane marowaci ne. Shi ma ya gane, shi ya sa yaransa hoton rabon kaya suke watsawa, ba ka taɓa ganin sun watsa yadda ya kaɗa ƙuri'a a kan wata doka ba.

Abinda nake ganin zai yiwu ba tare da jiran Abuja ta gyara doka ba shi ne muhawara. BBC Hausa ta tara 'yan takarar gwamnan Kano sun yi a gaban jama'a, kuma Kano ba ta rasa gidajen rediyo ba, shirye-shiryen siyasa kullum dare sojojin baka na zagin juna a ciki. A cire awa biyu daga wannan a zaunar da masu neman kujerar Birni su kansu, ba 'yan korensu ba, ƙungiyoyin unguwanni da 'yan kasuwar Kurmi da Rimi da malaman makaranta su yi tambaya. Wanda ke kan kujera a tambaye shi ranar da aka kawo dokar masarautu ina ya tsaya kuma me ya sa, nawa aka ware wa mazaɓar a kasafin bara kuma nawa aka saki. Wanda ke nema a tambaye shi abu ɗaya da gwamnan jam'iyyarsa zai kawo ya ce bai yarda ba. In ya ce babu, to an ji, a rubuta a ajiye, sai mutanen Zango da Sheshe su san da wa suke magana kafin ranar layi.